Princeton Reverb ko Deluxe Reverb: Yadda Za Ka Gane Bambancinsu Kafin Ka Biya Kuɗi

Duk mai kaɗa jitar lantarki da ya fara neman amfilifaya mai kwalba, wato mai ƙara sauti da kwalaben gilashi na lantarki, ba ya daɗewa sai ya ci karo da sunayen nan biyu na kamfanin Fender: Princeton Reverb da Deluxe Reverb. 'Yan gida ɗaya ne. Baƙar fuska, farin rubutu, ƙyalle mai ruwan azurfa a gaban sifika, kwalaben ƙarfi samfurin 6V6 guda biyu a cikin kowacce, ga amsa-kuwwa ta sifirin, wato Reverb, ga karkarwar sauti. Deluxe Reverb ta fito a 1963, Princeton Reverb ta biyo ta a 1964, dukkansu daga masana'antar Leo Fender da ke Fullerton a jihar Kalifoniya ta Amurka, gab da kamfanin CBS ya saye Fender a farkon 1965. An sake ƙera Deluxe ɗin a kan tsohon tsarinta tun 1993, Princeton kuma tun 2008, shi ya sa har gobe suke yawo a kasuwa, tsofaffi da sababbi.

Gyaran kayan sauti ne sana'ata, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda ake sayar da su. Mai kaya zai ce maka, "Ai Princeton wat 12 ce, Deluxe 22, ka ga kusan ninki biyu ke nan." Sai mutum ya ƙara kuɗi ya ɗauki babbar, ya kai ta ɗakinsa, ya kasa murɗa ta ta wuce 2 saboda maƙwabta. Wani kuma ya ɗauki ƙaramar don sauƙin ɗauka, ya je wurin biki, mai ganga ya binne shi da ransa. Lissafin wat ɗin nan shi ne mafi ƙanƙantar bambancin da ke tsakaninsu. Daga wat 12 zuwa 22 ƙarin da kunne zai ji bai kai desibel 3 ba, abu ne da za ka lura da shi amma ba zai girgiza ka ba. Ainihin bambancin yana wurare uku: kwalbar da ke raba sauti, yadda aka haɗa karkarwa, da sifika tare da akwatinta. Ga yadda nake bi in an kawo mini su, kuma haka nake so ka bi.

Fara da ido, kafin ka jona wuta

Ƙirga maɓallan da ke gaba. Princeton Reverb layi ɗaya gare ta, ramin jona jita biyu, maɓalli shida: Volume, Treble, Bass, Reverb, Speed, Intensity. Deluxe Reverb layi biyu ne, Normal da Vibrato, ramuka huɗu, maɓalli tara. Faɗin akwatin Princeton kusan santimita 50 ne, na Deluxe ya ɗan haura 60. A nauyi, sabuwar Princeton tana kai kilo 15 da ɗoriya, sabuwar Deluxe kilo 19. Kilo huɗu ba komai ba ne a takarda, amma wanda ya taɓa hawa bene da ita a hannu ɗaya, jita a ɗaya hannun, ya san yadda suke ƙaruwa.

Sai ka juya ta ka leƙa baya. Kwalaben suna rataye ne kansu a ƙasa. Princeton Reverb bakwai gare ta: ƙanana huɗu, 6V6 biyu, da babba ɗaya mai juya wutar gida ta koma wadda na'urar ke ci. Deluxe Reverb tara: ƙanana shida, 6V6 biyu, mai juya wuta ɗaya. A bayan Deluxe za ka ga makunni na biyu mai suna Standby, Princeton ba ta da shi. In kuwa ka leƙa ba ka ga kwalba ko ɗaya ba, kuma akwatin ya yi maka sakayau a hannu, to samfurin Tone Master ne, wanda Fender ta fara fitarwa a 2019. Kamanninsu ɗaya sak, amma kwamfuta ce a ciki take kwaikwayon muryar. Ba abin raini ba ce, sai dai kada a sayar maka da ita da sunan mai kwalba.

Ka karanta sunan da kyau. Akwai Princeton zalla, akwai Deluxe zalla, waɗanda babu kalmar Reverb a jikinsu. Princeton marar amsa-kuwwa tana da ƙarancin matakin ƙara sauti guda, don haka ko ka ƙure ta da ƙyar take yin kaushi. Na'ura ce daban.

In tsohuwa ce, akwai wata 'yar takarda manne a bangon akwatin daga ciki, mai nuna jerin kwalabe da lambar tsarin haɗi. Ta Deluxe Reverb mai baƙar fuska yawanci AB763 za ka gani, tsarin Princeton Reverb da aka fi sani kuma AA1164 ne. A kan takardar akan buga haruffa biyu da tawada: na farko shekara, na biyu wata. M 1963 ne, N 1964, O 1965, P 1966, Q 1967. A Janairu, B Fabrairu, haka har ƙarshe. Kada ka dogara da takardar ita kaɗai, domin a masana'antar sukan ci gaba da manna tsofaffin takardu bayan an canja tsari. Duba lambar da ke jikin taransfoma ma: in ta fara da 606, kamfanin Schumacher ne ya yi ta, lambobin da suka biyo baya kuma shekara ce da mako.

Kwalbar rabo, inda maganar take

Kwalaben 6V6 biyun nan ba tare suke aiki a lokaci guda ba. Kamar mata biyu ne masu lugude a turmi ɗaya: wannan ta ɗaga taɓarya, waccan ta sauke. Ɗaya tana tura sifika, ɗaya tana jawo ta. Kafin hakan ya yiwu dole a sami wata kwalba a gabansu da za ta karɓi sautin jita ta raba shi gida biyu, ɗaya kishiyar ɗaya. Ita nake kira kwalbar rabo, kuma a nan Fender ta bi hanya biyu mabambanta.

A cikin Princeton an yi tsimi. Kowace ƙaramar kwalba irin 12AX7 ɓangare biyu ne a cikinta, to rabi ɗaya kawai aka ba aikin rabon, ɗaya rabin yana can yana kula da karkarwa. Ana ɗibar sauti ɗaya daga saman wannan rabin, ɗaya daga ƙasansa, kowanne ta kan rizisto mai 56k. Dabara ce mai kyau kuma daidaitacciya muddin ba a matsa mata ba, amma ba ta ƙara ƙarfin komai. Abin da ya shiga shi ke fita, har da ɗan ragi. Da zarar ka ɗaga murya har 6V6 suka fara neman abin da ya fi ƙarfinta, sai daidaiton ya lalace, gefe ɗaya ya riga ɗaya gajiya. A kunne, wannan shi ne kaushin Princeton: yana zuwa da wuri, yana da laushi da ɗumi a tsakiyar maɓalli, sannan in ka ƙure sai igiyoyin jita masu kauri su fara ɓarɓarwa, sautin ya saki jiki ya rikice.

A Deluxe an ba aikin kwalba sukutum, 12AT7, ɓangarorinta biyu suna aiki tare, ɗaya da rizisto 82k ɗaya da 100k don a daidaita su. Wannan tsarin yana ƙara ƙarfi da kansa, yana kuma iya tura 6V6 har iyakarsu ba tare da shi ya fara durƙushewa ba. Shi ya sa kwalabe iri ɗaya, da wutar da ta ɗan haura bolt 400 a duka biyun, suke ba da wat 22 a nan, 12 zuwa 15 a can. Taransfomomin Deluxe sun fi girma, tana kuma da cok, wato naɗin waya a kan ƙarfe, a sashen tace wuta inda Princeton ke da rizisto kawai. Duk waɗannan suna sa ta riƙe kanta in an daki igiya da ƙarfi.

Gwajin da za ka yi mai sauƙi ne. Je da jitarka, kada ka yarda da ta shago. Jona a rami na 1, a Deluxe kuma layin Vibrato. Sa Treble a 6, Bass a 4, Reverb da Intensity a ƙasa gaba ɗaya. Fara daga Volume 3, ka daki igiya mafi kauri a buɗe, da ƙarfi, ka saurari yadda sautin ke tashi da yadda yake mutuwa. Ƙara zuwa 4, zuwa 5, zuwa 6, zuwa 7, kana maimaita bugu iri ɗaya. Da jita mai siraran maɗaukan sauti (pickup) irin Stratocaster ko Telecaster, Princeton takan fara kaushi wajen 4 zuwa 5, daga nan kuma ƙara ba ta ƙaruwa sosai, kaushin ne ke ƙaruwa. Deluxe ma tana fara kaushi ba da nisa da nan ba a lambar maɓalli, amma a lokacin ɗakin ya riga ya cika, kuma ƙasan sautin yana nan a ɗaure. Lambar da ke kan maɓalli ba ita ce abin lura ba. Abin lura shi ne: a daidai ƙarar da za ka yi wasa da ita a zahiri, wacce ce ke ba ka muryar da kake so?

In Princeton ta yi ɓarɓarwa, rage Bass zuwa 3 ko 2 kafin ka yanke mata hukunci. Yawancin masu kukan cewa ba ta da ƙasa mai kyau sun bar Bass a 7 ne. A duk waɗannan na'urori na Fender, gwargwadon yadda Volume ke hawa, gwargwadon yadda ya kamata Bass ya sauka. Akwai kuma gyara ɗan ƙarami da nake yi wa masu son ƙure ta: rizisto guda, wajen 470k, a bakin shigar kwalbar rabo. Yana kwantar da mummunan ɓangaren kaushin, ba ya taɓa muryarta ta asali, kuma ana iya cire shi a duk lokacin da aka so. Wasu sukan wuce nan su canja taransfoma, su sa sifika babba, su ƙara wa kwalbar rabo wuta. Ni ban cika son haka ba, musamman a tsohuwa. Wanda yake son Deluxe ya sayi Deluxe. Gaskiya ne dai cewa irin wannan ƙarin gishirin ya taɓa haifar da abin kirki: Randall Smith ya fara ne da cusa haɗi mai ƙarfi da sifika inci 12 a akwatin Princeton, daga nan kamfanin Mesa Boogie ya samo asali. Amma shi sabuwar na'ura ya ƙirƙira, ba gyara ya yi ba.

Karkarwa

Abin da Fender ta rubuta wa Vibrato a jikin waɗannan na'urori hawa da saukar ƙarar sauti ne, kuma a nan ne zuciyata ta karkata ga Princeton ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

A Princeton, karkarwar tana taɓa kwalaben ƙarfi ne kai tsaye. Akwai wata 'yar wuta da ake kira bayas, wadda ke ƙayyade yawan abin da 6V6 ke ja in suna zaune ba aiki. Sashen karkarwa yana ɗaga wannan wutar yana sauke ta a hankali, sai sautin ya riƙa kumbura yana sacewa ba tare da wani gefe mai kaifi ba. Abin da ya fi daɗi, yana jin hannunka. In ka daki igiya da ƙarfi sai karkarwar ta ja baya, sautin ya fito sarai. Yayin da yake mutuwa sai ta dawo ta lulluɓe shi. Mai kaɗa waƙa a hankali, igiya ɗaya-ɗaya, in ya saba da wannan da wuya ya rabu da shi.

A Deluxe wata dabara ce. Akwai ɗan ƙwan fitila na niyon da aka naɗe shi tare da rizisto mai jin haske a cikin baƙar roba. Ƙwan yana ƙyaftawa, rizisto yana zubar da wani kaso na sautin zuwa ƙasa duk lokacin da haske ya same shi. Fitilar niyon ba ta san a hankali ba, ko ta kama ko ta mutu, shi ya sa karkarwar Deluxe take da sara-sara, tana yanka sauti gunduwa-gunduwa. Tana da nata amfanin. A cikin taron makaɗa, inda ganga da jitar bes ke cika wuri, irin wannan yankan ne ke fitowa fili, na Princeton kuwa yakan narke ya ɓace.

Wajen gwaji, sa Speed a 3, Intensity a 7, ka kaɗa sau ɗaya ka bar shi ya mutu da kansa. Abu biyu za ka kiyaye. Na farko, karkarwar Deluxe ba ta tashi sai an jona makunnin ƙafa a baya. Da yawa an ce musu ta lalace, an rage musu kuɗi ko an karɓi kuɗin gyara, alhali makunnin ne kawai babu. Ta Princeton tana aiki ko babu shi. Na biyu, kashe muryar jitar ka kasa kunne kusa da sifika. In ka ji "tik, tik, tik" yana bin saurin Speed a Deluxe, sanannen ciwo ne na wannan tsarin, yawanci gyaran zaman wayoyi ko ƙaramar kafasita ke magance shi, ba abin fasa ciniki ba ne. A Princeton kuma in karkarwar ta yi rauni ko ka ƙure Intensity, sau da yawa bayas ne aka sa da zafi. A wannan na'urar su biyun a ɗaure suke da juna: ka ƙara wa kwalabe zafi, karkarwa ta ragu, ka sassauta, ta zurfafa. Mai gyaran da bai san haka ba zai yi ta canja kayan da lafiyarsu ƙalau.

Sifika da akwati

Princeton inci 10, Deluxe inci 12. A sababbin da aka yi wa laƙabin '65, Jensen C10R ce a ƙaramar, Jensen C12K a babbar. Rabin abin da mutane ke kira "ƙarfin Deluxe" daga nan yake fitowa, domin faffaɗar sifika a babban akwati ta fi tura iska, ta fi kuma riƙe ƙasan sauti.

Kana iya tabbatar da wannan da kunnenka in mai kaya ya yarda, tunda duka biyun om 8 suke nema. Kashe su duka. Zare wayar sifikar Deluxe daga shasinta, wato ƙarfen da kayan haɗin ke ciki, ka jona ta a ramin sifikar Princeton, da wayar ƙari ta sifika in ba ta kai ba. Kunna Princeton kaɗai. Za ka ji ta girma nan take, ɓarɓarwar ta ragu, amma laushin kaushinta da karkarwarta suna nan. Abin da ya canja na sifika ne, abin da ya rage na haɗin ciki ne. Ban san wata hanya da ta fi wannan saurin koya wa mutum bambancin ba. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ba na wasa ba: kada ka taɓa kunna amfilifaya mai kwalba babu sifika a jone. Taransfomar fitar da sauti ce za ta iya ƙonewa.

Ƙananan abubuwan da ke ruɗa mai gwaji

Layin Vibrato na Deluxe yana da wata 'yar kafasita mai 47pF a kan maɓallin Volume, wadda ke barin siririn sauti ya wuce ko an rage murya. In ka gwada ta a 2, za ka ji ta da tsini, har ta soki kunne, musamman in ka sa fedar kaushi, wato 'yar na'urar da ake takawa da ƙafa don kausasa sauti, a gaba. Da ka wuce 4 ko 5 tasirinta yana raguwa. Princeton ba ta da wannan kafasitar, shi ya sa a ƙaramar murya ta fi zaƙi, ta kuma fi karɓar feda. Wanda ya gwada su a shago a hankali zai ce Deluxe ta cika ƙara mai kaifi, alhali bai ji ta a inda aka gina ta ta yi aiki ba. Cire ƙafa ɗaya ta kafasitar aikin minti kaɗan ne ga mai gyara, in har a gida za ka fi amfani da ita.

Layin Normal na Deluxe ba shi da amsa-kuwwa, ba shi da karkarwa. Kada ka haɗa layukan biyu da gajeriyar waya kana neman ƙarin kauri, domin a tsarin AB763 sautinsu kishiyar juna ne, sai su cinye juna muryar ta sirance. In ba ka amfani da Normal ko kaɗan, zare kwalbar farko, ta can gefe nesa da manyan, bayan ka kashe na'urar ta huce. Layin Vibrato zai ɗan ƙara kauri da saurin kaushi, saboda kwalaben biyu suna tarayya a rizisto guda.

Akwai kuma samfurin '68 Custom mai farar fuska, wanda ya fito a 2013. Sunayen ɗaya ne amma an taɓa haɗin, an sa sifikar Celestion, suna saurin kaushi, suna kuma da ɗan huci fiye da na '65. Kada ka gwada Princeton ta '68 da Deluxe ta '65 ka ce ka gane bambancin Princeton da Deluxe. Tsofaffi masu farar fuska na ainihi, daga 1968 zuwa farkon shekarun 1980, su ma suna da kyau, kuma Princeton ce aka fi ƙyalewa ba a yi mata canje-canje da yawa ba a wannan zamanin, don haka takan zama ciniki mai albarka.

Wuta, kafin ka ƙona abin da ka saya

Yawancin waɗanda ke shigowa hannu na biyu daga Amurka na bolt 120 ne, wutarmu kuwa a Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 ce. Karanta abin da aka rubuta a bayan shasi kafin komai. In 120 ce, sai da taransfomar rage wuta, mai wat 300 ko fiye don ta yi aiki ba tare da zafi ba. Tsofaffin an yi su ne don wajen bolt 117, kuma taransfomarsu ta saba da wuta mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 50 ce, saboda haka za ta fi ɗumi a nan ko da komai daidai yake. Ka bar mata sarari a baya, kada ka manna ta da bango. In da janareta za ka yi wasa, sa sitabilaiza a tsakani, ka kuma auna da mita. Waɗannan na'urori sun riga sun matsa wa 6V6 kusa da iyakarta tun daga masana'anta. In wuta ta haura, su ne farkon tafiya. In ka ga farantin cikin kwalba ya yi ja, ba ɗan hasken lemu na tsakiya ba, kashe nan take.

Fiyus kuma, sa irin wanda aka rubuta a jiki. Kada a naɗa masa waya ko takardar sigari. Fiyus ɗin da ke ƙonewa yana gaya maka akwai matsala ne, galibi kwalbar ƙarfi ko mai juya wuta.

Kwalbar juya wutar ma a kula da ita. Deluxe mai baƙar fuska GZ34 take ci, wadda ake kuma kira 5AR4. Princeton an yi ta da GZ34, an kuma yi ta da 5U4GB, gwargwadon shekara. Ba a musanya su da ka. 5U4GB tana jan amfiya 3 don ɗumama kanta, GZ34 ba ta kai 2 ba, don haka in ka sa ta farkon a inda aka tsara don ta biyun, taransfoma ce za ta sha wahala. In ka yi akasin haka kuma, wutar cikin na'urar za ta hau, sai an sake duba bayas.

Shi bayas ɗin, Deluxe tana da maɓallin daidaita shi a shasi. Tsohuwar Princeton ba ta da shi, sai an canja rizisto ko an ƙara maɓalli. Ni ina ajiye kowace 6V6 a wajen miliamfiya 20 in wutar farantinta tana kusa da bolt 420, a Princeton kuma nakan ɗan sassauta don karkarwa ta sami wurin numfashi. Amma wannan ba aikin mai kaɗa jita ba ne. Manyan kafasitocin ciki suna riƙe fiye da bolt 400 ko bayan an zare waya daga bango, kuma suna kisa. Canja kwalba daga waje, wannan naka ne. Zare shasi, na wanda ya iya sauke wutar ne ya kuma auna ya tabbatar. In tsohuwa ce mai wayar wuta ƙafa biyu, a sa mata mai ƙafa uku, a cire kafasitar da ke tsakanin layin wuta da shasi, tun kafin ka fara wasa da ita. Igiyoyin jitarka a haɗe suke da wannan shasin, leɓenka kuma yana kusa da makirufo.

Yanayinmu ma yana da nasa. Ƙurar hunturu tana shiga maɓallai su riƙa ƙarar ƙaiƙayi in an murɗa, don haka a rufe ta da mayafi in ba a aiki. Tsofaffin kuma an jera kayansu ne a kan wani baƙin allo mai kama da kwali, wanda ke shan danshi. Da damina, in aka ajiye ta a ƙasa a ɗaki mai laima, sai ta fara wasu 'yan ƙararraki da ba a gane tushensu. A ɗora ta a kan benci, a riƙa kunna ta lokaci-lokaci ta yi ɗumi.

To wacce?

Tambayar da nake fara yi wa duk wanda ya zo shawara ita ce: akwai mai ganga a bayanka? In akwai, kuma ba kullum ake sa wa amfilifayarka makirufo ba, kana kuma son sautinka ya fita tas ba kaushi, ɗauki Deluxe. Ita ma tana da iyaka. A filin biki a waje, inda babu bango da zai dawo da sauti, wat 22 ba za ta ba ka tsabtatacciyar murya mai ƙarfi ba sai da makirufo. Masu irin wannan aikin Twin Reverb, babbar 'yar'uwarsu ta Fender, suke nema, mai wat 85 da sifika biyu.

In kuwa aikinka ɗaukar sauti ne a situdiyo, ko wasa a ɗaki, ko wurin da akwai mai haɗa sauti da zai sa maka makirufo a gaban sifika, Princeton ta fi dacewa, kuma ba don ta fi araha ba, domin sau da yawa kuɗinsu kusan ɗaya ne. Dalilin shi ne za ka iya kai ta inda muryarta ke buɗewa, wajen 4 zuwa 5, ba tare da ka kori kowa daga ɗakin ba. Deluxe da aka ɗaure a 2 ba ta kai Princeton da aka saki a 4 daɗi ba.

In ka tsaya a tsakiya, wata rana ɗaki wata rana dandali, nemi Princeton ɗin da Fender ke fitarwa jefi-jefi da sifika inci 12, ko ka sami akwatin sifika inci 12 mai om 8 na daban, ka riƙa zare ta ciki kana jona shi ranar da za ka fita da makaɗa.